Mai Karanta Hanji

Shekara talatin da huɗu ina fawa a kasuwar Marwa,
na ga Mayo Kaliyawo ya cika, na ga ya koma rairayi.
In an kawo mini rago, ba na tambayar mai shi,
fatar idonsa nake ja ƙasa:
in ja ce, mu yi ciniki,
in fara ce, kai da dabbarka, Allah ya kiyaye hanya.

Hanji kuwa, allona ne.
Na wanke na sa, na wanke na akuya,
yatsana kan gane ƙulli tun ido bai gani ba.

Sai bara, bayan Sallar layya,
wuƙa ta fara yi mini nauyi.
Daga mahauta zuwa rumfa taku ɗari biyu ne,
sai na tsaya sau uku ina haki
kamar mai hawan dutsen Makabaye.
Na ce tsufa ne. Tsufa bai musa ba.

Ciki ya riƙa murɗawa, can ƙasa, gefen dama,
ba irin ciwon da ke kwantar da magidanci ba.
Ɗan ƙugi, ɗan kumburi,
yau gudawa, gobe shiru,
jibi abin ya fito baƙi kamar kwalta.
Na sha jar kanwa, na sha sabara.
Sallau mai shayi ya ce basir ne,
mai kemis ya ba ni ƙwayar ƙarin jini ta jaka biyu.
Mazagin wando yana ta ƙara tsawo.

Wata Laraba Kubura ta dawo,
autata, mai karatun jinya a Garwa.
Ko jakarta ba ta ajiye ba,
ta sa babban yatsa ta ja fatar idona.
Ta daɗe tana kallo.
“Baba, da kai rago ne, za ka saya?”

Likita ya ce jini ba ya ɓata haka kawai,
ƙofa ya samu.
Zuba ruwa a tulu mai huda ba magani ba ne,
a nemo hudar.
Suka zura ’yar fitila ta inda kunya ke hana faɗi.
A gilashi na ga hanjina, karo na farko,
mai sheƙi, kamar na ɗan maraƙi,
sai can a lungu, ga shi zaune.
Na riga likita ganinsa.
Ya ce daji. Na ce na sani, na sha yanke irinsa in jefar.

Taƙi ɗaya suka cire.
Ɗinkin ba laifi, ko da yake ni da na fi tsukewa.
An ce in koma bayan wata uku,
ba a ce na tsira ba.

Yanzu yarona ke riƙe wuƙa, ni ina kan benci.
Jiya na ga Sallau ya dire butar shayi yana haki,
hannu ɗaya dafe da ciki.
Na ce, Sallau, matso nan.
Dubi sama.