Ƙugiyar Labbo

Kwana tara injin yana kuka a shagonmu na Jega,
bakinsa siriri kamar tsinken sakace,
yana bin layin da na zana a kwamfuta,
bai taɓa tambayata dalili ba.
Falanki ya shiga sumul, ya fito haƙarƙari,
ɗari biyu da sittin da huɗu,
kowanne da lambarsa a gindi.
Garin katako ya cika mana hanci,
Arzika ya yi ta atishawa har ƙidaya ta ɓace masa.

Rumfa aka ce mu yi wa manoman fadama,
ta baje-koli a Birnin Kebbi.
Na ce ni ba zan yi akwati ba,
rumbu zan yi, mai tumbi, mai wuya,
irin wanda kakata ke leƙawa da tsani.
Babu ƙusa, babu gam,
katako ya ciji katako ya riƙe.

Muka ɗora a mota, muka sauke, muka harhaɗa.
Na zagaye cikinsa da zaren fitila:
kore daga ƙasa, yana hawa yana nuna,
kafin ya kai wuya ya zama ruwan zinariya,
yadda shinkafa ke yi idan kaka ta matso.
A bisa ƙofa haruffan farar roba,
kowanne kamu guda, da wuta a bayansa.

Da magariba na kunna.
Mai rake ya ajiye wuƙa.
Yara suka yi tsit, sannan suka ɓarke da ihu.
Ni kuwa kaina ya fi rumbun girma.

Sai ga wani tsoho da keke,
rigarsa duk ɗigon fenti, tsoho kan tsoho.
Aka ce Labbo ne,
shekara arba'in yana rubuta bayan manyan motoci.
Ya ɗaga kai, ya motsa leɓe, ya sake motsawa.
Ya ce, “Yaro, maciji kuke talla?”

Na duba.
ALBARKAR KASA.
Rubutun da na ɗauko ya zo daga nesa,
bai san harafinmu yana da ƙugiya ba,
ya yar da ita a hanya, shiru,
ni ma na karanta sau ɗari da idon zuci.
Ƙasar noma ta koma kasa mai dafi,
ko kasawa, wadda ta fi ciwo.
Injin yana Jega. Buɗewa da hantsi.

Labbo ya jingine keke.
Ya tona cikin tarkacen da muka zubar,
ya zaro guntun roba kamar ɓawon kabewa,
ya kai wa mai shayi, ya roƙi bakin murhu.
Ba ma'auni, ba fensir.
Ya auna da babban yatsa,
ya lanƙwasa, ya hura, ya ƙara lanƙwasawa,
ya gyara baki da reza.
Ni na riƙe tsani.
Na miƙa masa zaren fitila tsawon ɗan yatsa,
ya ce, “Wanga ba ya ƙuna?”
Na ce ba ya yi. Ya taɓa, ya yi dariya.

Ta ɗan karkace, ƙugiyar.
Ta fi sauran haske kaɗan,
don haka ƙwarin dare duk can suka taru.
Da safe manoma suka shiga ta ƙarƙashinta
da buhunan samfur a kafaɗa,
ba wanda ya ɗaga kai.

Kuɗi ya ƙi karɓa.
Shayi ya sha, kofi biyu, da burodi.

Da na koma Jega na ɗauki hotonta,
na bi gefenta a kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo,
ban miƙe karkacewar ba.
Arzika ya ce in gyara. Na ce bari.
Yanzu duk allon da ya fita shagonmu,
na mai ƙosai, na mai gyaran ƙafar mota,
injin yakan rage gudu idan ya iso wurin,
ya bi yatsan tsohon a hankali,
ya juya.