Kan Burtu

Kan burtun kawuna Nomau
na rataye jikin ƙusa, bayan ƙyaure,
baƙin ya dushe, jan maƙoshin ya koɗe.
Shekara talatin yana ɗaura shi a goshi,
ya yi rarrafe cikin dajin Baban Rafi,
yana saran ƙasa kamar mai kiwo,
har zabi su ce, wannan na gida ne.

Ni kuwa na komo daga Yamai
da riga mai hoton gauraka a ƙirji,
da madubin hange, da littafi mai layi-layi.
Aikina ƙirga.
Sanyi na tsakiya ina bakin tafkin Madarunfa:
dinya nawa, zalɓe nawa,
kirinjijiya nawa suka rage.

Ran taro, gindin tsamiyar kasuwa,
na yi magana har yawuna ya ƙafe.
Na ce a rataye bindiga.
Na ce doka. Na ce tara.
Sai ya miƙe, yana kakkaɓe bante.

"Rahamu, ɗiyar ƙanwata,
wa ya ƙare tuje?
Ni, da bindigar da sai na ɗura ta
kamar mai ba jinjiri kunu?
Ko masu manyan motoci,
shaho a hannu, ƙanƙara a bayan mota,
takardarsu da hatimi har biyu?
Su kika kai musu wannan riga?

Mu da dokarmu tun ba a haifi taku ba.
Ba a harbin mai kwanci.
Ba a taɓa shamuwa, ko yunwa na cin hanji.
Hadari na haɗowa, baka ya hau rataya.
Ƙashin nan da kike tsaye a kansa,
da romon fakara aka gina shi.
Tambayi uwarki shekarar da gero ya ƙi."

Wuri ya yi tsit.
Na ji kunya ta hau ni tun daga ƙafa.
Abin da ya zo bakina ke nan:
"Kawu, yaushe rabonka
da jin gauraka da asuba?"

Ya buɗe baki. Ya dubi sama.
Ya lanƙwasa yatsa ɗaya, biyu, huɗu,
ya bar ƙirgan.

Can baya Inna Tsahara ta ɗaga murya:
"Ku da kuke ceton tsuntsu,
jan-baki ya cinye mini rabin gona bara.
Shi ma nawa za ku rubuta?"
Aka fashe da dariya, taro ya watse,
ba wanda ya sa hannu a takardata.

Kashegari, raɓa ba ta ɗauke ba,
na ji takun takalmin taya a bayana.
Hannunsa wayam. Goro a kunci.
Bai gaishe ni ba, ya tsuguna.

Na ɗora madubi, na rubuta arba'in.
Ya ce, "Da uku."
Na ce ina?
"Bayan kainuwa. Ba ki ji su?
Ɗaya ma gurguwa ce."
Na jira. Suka fito a jere,
ta ƙarshen tana jan ƙafa.
Na soke arba'in.

Har rana ta take muna nan,
shi da kunne, ni da biro.
Ya ba ni sunaye bakwai da littafina bai sani ba,
ya nuna mini marken da gauraka ke kwana da,
yanzu kututture ne, an yi gawayi.

A hanyar komawa fakara ta tashi, firr,
daga ƙarƙashin ƙafarmu.
Na ga kafaɗarsa ta ɗaga da kanta,
ido ɗaya ya rufe,
yatsa ya ja iska.
Ya ce, "Da ta faɗi."
Wannan ban rubuta ba.

Da dare aka aiko da tuwo daga gidansa.
Akwai nama cikin miyar,
ƙananan ƙashi, ba na kaza ba.
Na daɗe ina duban kwanon.
Ban tambaya ba.
Na wanke hannu.