Taku Biyu

Sun shimfiɗa sabuwar kwalta daga Kasuwar Dole,
baƙa wuluk, da fitilu masu shan rana.
Injiniya ya auna faɗin tanka,
ya auna na mota, ya naɗe igiyarsa.
Ni da kekena ba mu shiga awo ba.

Bido shida nake ɗaurawa tun asuba,
ruwan mutanen Garin Malam.
Kabu-kabu ya yi oda, in kauce,
rairayi ya kama taya, in sauka in tura.
Jiya bido guda ya fashe,
ƙasa ta shanye dalata ashirin, ba godiya.

Magajin gari, ban roƙi gada ba.
Taku biyu kawai, da farin layi,
inda Ɗanjimma zai wuce da ruwansa
bai zube ba.