Ɗakin Ƙarafan Kaka Eulália

A Porto, a hawa na uku, inda taga ke kallon Douro,
kakata Eulália ke kiwon wuƙaƙe
yadda wasu ke kiwon tantabaru.
Shekara talatin da huɗu tana miƙa wa likitoci ƙarfe a ɗakin tiyata,
da ta bar aiki sai ƙarfen ya biyo ta gida.

Ranar Asabar mukan sauka kasuwar gwanjo
tun hazon kogi bai gama tashi ba.
Baltazar mai rumfar ƙarshe yakan ɓoye mata kaya ƙarƙashin tebur,
a naɗe cikin tsohuwar jarida:
hantsakin zaro harsashi,
tulun matsattsaku mai huji a murfi,
bututun katako da ake karawa a ƙirji
tun ba a san roba ba.
Ba ta tayi. Takan rufe ido, ta auna abu a tafinta,
in ya zauna daidai, ta biya.

Ni aikina tsumma da mai.
Na goge zarton ƙashi mai ƙotar kanya
har na ga hancina a jikinsa.
Na ce, "Kaka, yana da kyau."
Ta karɓe, ta juya shi, ta nuna min gurbin haƙori biyu.
"A jikin wani suka tsaya," ta ce.
"Bi shi a hankali. Ba don kaifi ba."

Akwai guda da ba ta bari a goge.
Ba ma ƙarfe ba ne,
guntun fata ne a akwatin karammiski ja,
duk jikinsa sawun haƙora.
Shi ake cusa wa mutum a baki
zamanin da maganin barci bai wuce ƙarti huɗu da addu'a ba.
Wata rana ta ƙirga min: baki bakwai, ko takwas,
ɗaya ƙarami, bai gama famfara ba.
Daga nan ta rufe akwatin, ta ce in ɗora shayi.

Shekara uku ke nan da aka kwantar da ita.
Huji uku a ciki, kowanne bai kai ƙwayar wake ba,
likita na kallon majigi, ko jininta bai taɓa ba.
Da ta farka, tambayarta ta farko:
"Ina askar?"
Yaron ya yi dariya: "Tana kwandon shara, Dona,
sau ɗaya muke aiki da su."
Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.
"Madalla," ta ce. Can kuma:
"To wa zai san an yi?"

Ta warke sarai.
Sanyin Janairu ne ya tafi da ita, cikin barci.

Yanzu makullin yana wuyana.
Masu gidan tarihi sun zo sau biyu da fararen safar hannu,
sun yi wa zarton kuɗi, sun yaba ƙotar,
fatar kuwa ko ɗaga ta ba su yi ba.
Ban sayar ba tukuna.
Daren da iska ke kaɗowa daga teku, tsatsa ba ta barci,
nakan tashi da tsumma da mai.

Sau ɗaya na kai fatar kusa da bakina.
Ban ciza ba.
Warinta na tsohon takalmi ne kawai,
amma haƙorana sun kwana suna tsami.