Littafin da Babana Bai Gama Ba

Babana Trofim ya rasu da tawada a yatsa.
Ya bar mini akwatin katako, da tabarau mai ƙafa ɗaya,
da tambayar da ta cinye masa takalma bakwai:
a ina ruwan nan ya fara?

Shekara goma sha ɗaya yana zaga ƙauyukan Kherson
a keken dokin aro,
yana durƙusawa gaban tsofaffi kafin ƙasa ta rufe bakinsu.

Agafiya mai haƙori biyu ta ce masa,
"A rumbun Bajamushe aka fara.
Mijina ya je musu ƙwadago lokacin girbin alkama,
ya ji suna karatu bayan jibin dare,
ya tsaya bayan ƙofa, hula a hannu.
Ko kalma bai gane ba.
Ya dawo gida ya ƙi taɓa kwalba,
ni kuwa na ɗauka ciwo ne, na dafa masa saiwa."

Onisim mai niƙa ya daki tebur har gari ya tashi.
"Bajamushe ya ara mana fitila, ba shi ya ba mu ido ba!
Kakannina, masu shan madara ran azumi,
sun sauke hotuna daga bango can bayan duwatsun Kafkas
tun uwar Bajamushen nan tana goye."

Wani tsohon direban karusa ya rantse
a babban birni ne, a falon masu sarauta,
inda uwar ɗakinsa ta durƙusa kusa da shi
rigar siliki tana shan dattin takalminsa.

Babana ya rubuta duka ukun, bai soke ko ɗaya ba.
A gefe ya sa da ƙananan baƙi:
kowa rijiyar gidansu ce uwar kogi.

Akwai kuma ɗan littafin da wani firist ya buga,
ya kira mu ciyawar waje da iska ta tsallako da ita shinge.
Kobo arba'in babana ya ba da, kuɗin gishirin wata,
ya cika gefen shafukan da gardama
har ta fi littafin yawa.

Amma kwanan wata,
kwanan wata wurin mutum ɗaya ya same shi.
Parfiyon ɗan sanda, wanda ya kwana cikin ciyayin bakin Ingul,
sauro na cin wuyansa, yana ƙirge:
"Maza shida, mata biyu. Ruwa iya ƙirji.
Wata fari ƙal. Ta biyun ta yi kuka, sannan ta yi dariya."
Takardar nan ce ta sa wa kakana sarƙa,
ta kai shi inda wasiƙa ke yin wata huɗu a hanya.
Takardar nan ce kuma ta gaya mini
ta biyun kakata ce, Lukeriya,
wadda ban taɓa jin an ce ta yi dariya ba.
Masoya suna waƙa a daren, ba wanda ya duba kalanda.
Maƙiyi ne ya zo da fensir.

Yanzu ni, Yefrosiniya, nake kwafewa da dare
bayan na kwantar da yara.
Dattawan ikilisiya sun zo jiya, dusar ƙanƙara a gemu,
suna son suna ɗaya a shafin farko,
mutum ɗaya, kogi ɗaya, don yara su haddace.
Na ba su shayi. Na ce ina nema.

Shafin yana nan fari.
Da bazara na kan sauka bakin Ingul in ga ƙanƙara na fashewa,
ruwa na tafe da ƙarfi, ja-ja, ɗauke da kara da reshe.
Na tsoma hannu har wuyan hannu ya mutu,
ban iya cewa wannan daga gonar wa ya narke ba.