Asuba a Ɗakin Zannuwa

Ƙarfe uku saura kwata a Hull,
waya ta yi tsuma cikin aljihuna.
Ladanina ke nan. Ni na toshe masa baki,
don a gidan tsofaffi ba a ɗaga murya,
ko da ta kiran salla ce.

Ɗakin zannuwa ne masallacina:
tawul a dama, barguna a hagu,
ƙamshin omo a madadin turaren wuta.
Kibiyar waya sai ta yi rawa kafin ta tsaya,
yau ta nuna injin wanki,
gobe ta nuna bayan ƙofa.
A garin nan gabas daban, alƙibla daban.
Kakata Tasalla inuwar rumbu ta ishe ta sanin azahar,
har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa alƙibla a caji ba.
Ni kuwa ranar da batir ya mutu
tsayawa na yi kamar baƙuwa a tasha.

Raka'a ɗaya na samu, ƙararrawa ta buga.
Ɗaki na sha ɗaya. Misis Doreen.
Malamai biyu suka kaure da gardama a ƙirjina,
wannan ya ce idar, wancan ya ce in faɗuwa ta yi fa?
Na katse, na zura takalma.

Tana bakin gado, ƙafafu na lilo.
Casa'in da ɗaya.
Sunayen 'ya'yanta sun zube mata a hanya,
mijin da teku ta haɗiye shi ma ya bi su,
amma waƙar cocinsu tana nan daram,
ko wasali ɗaya bai faɗi ba.

Na san cocin. Kullum bas ɗina na wuce shi.
Gidan motsa jiki ne yanzu.
Har yau ana durƙusawa a ciki, ana zufa, ana nishi,
sai dai ƙarfe ake ɗagawa
kuma madubi ake fuskanta.

Ta kama gefen hijabina.
"Kin yi addu'arki?"
Na ce na fara.
"To ƙarasa a nan. Duhun ya yi mini yawa."

Na tuna Nafi'u, ɗana, ɗan sha huɗu,
da ya tambayi waya hukuncin azumi
a ƙasar da rana ke ƙyuyar faɗuwa.
Kafin in ɗaura ɗankwali ta jero masa mazhaba huɗu,
ta ce ya duba.
Ni da na shekara bakwai ina wanke allo
ina tsaye da ludayi a hannu, bai tambaye ni ba.
Abin ya ci ni.
Amma da magariba da ya ja mu salla,
Fatihar bakinsa ta fi tawa fita,
kuma a wayar nan ya koya.
Wa zan kai ƙara? A ce me?

Na shimfiɗa tawul tsakanin gado da keken guragu.
Ban ciro waya ba.
Na kintata, na ce Ya Rabbi, Kai ka shimfiɗa ƙasar,
Ka fi ni sanin inda na dosa.
Na kabbarta.
Tana nata a hankali, ta hanci,
ina nawa a hankali, ta leɓe.
Ba ta zama ni ba, ban zama ita ba,
amma da na kai goshi ƙasa
sai na ji hannu mara nauyi a kafaɗata,
kamar tsuntsu ya sauka hutawa.

Ko na yi daidai? Zan tambayi Malam Ɗahiru ran Juma'a,
idan aiki ya bar ni,
idan bai ce in turo da saƙon murya ba.

Da na sallame har ta yi barci.
Tsuntsayen teku sun fara ihu kan rufi.
Na buɗe na'urar rahoto, ta ce: lokaci, dalili, mataki.
Na rubuta, uku da minti goma,
ta farka, an zauna da ita, ta kwanta lafiya.

Gurbi uku ne kawai.
Sauran na naɗe shi cikin tawul,
na kai wanki.