Yaran Ɓarnau

Daren Asabar a Runjin Sambo,
wuta ta ɗauke tun la'asar,
garu yana amayar da zafin da ya sha da rana.
Mun baje taswira a bayan tsohuwar kalanda,
murafun kwalba su ne mayaƙa,
dayis mai fuska ashirin,
wanda Sahabi ya jira wata biyu kafin ya iso,
yana birgima tsakanin ɓawon gyaɗa.

Ni ke riƙe da labarin.
Mako tara ke nan ina turo musu yara:
masu tare gada, masu karɓar kuɗin rijiya,
wani gurgun magatakarda mai hatimin ƙarya.
Ɓarnau kuwa, maigidansu,
ko inuwarsa ba su gani ba.

Luba ta jefar da fensir.
"Wai mi ah hana shi hitowa?
Kullum yaro, kullum ɗan aike.
In ya isa, shi taho da kai nai!"

Luba, in ya fito a daren farko
ɗayan biyu za a yi:
ko ya murƙushe ku kafin shayi ya huce,
ko dayis ya yi miki gata
ki sare shi da sa'a ɗaya,
mu naɗe tabarma,
in koma gida da littafi cike da shafukan banza.

Kuma tsoro, ai nesa yake so.
Kin taɓa ganin dillalin albasa
ya ɗora buhu a kansa a Kasuwar Kara?
Yana can inuwa, waya biyu a cinya,
sunansa ne ke zufa a rana.
Maigidan hayarku fa, kin san muryarsa?
Ejan ɗinsa kika sani, da takardar gargaɗi.

Ɓarnau mutum ɗaya ne, ƙafa biyu.
Ba zai ƙone rumbu a gabas
ya kuma sayi alƙali a yamma a dare guda ba.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
ko da jinkar ta mugunta ce.
Kowane yaro da kuka kayar
tsani ne na kafa muku,
ku hau, ku ƙara tsawo,
har ranar da za ku iya duban idonsa.

Junaidu bai ce komai ba.
Ya ɗauki murfin da ke gadin ƙofar dutse,
ya juya shi a tafin hannu.
"Wanga ba ni kashe shi.
Tambaya tai nika yi: nawa aka biyan ka?"

Ban shirya wannan ba.
Na duba littafina, babu suna, babu uwa,
lamba ce kawai, da mashi.
Sai na ji bakina yana cewa:
wata uku ba a ba shi komai ba,
kuma 'yarsa na kwance.

Dayis ya faɗi. Sha takwas.
Mai gadi ya buɗe ƙofa da kansa,
ya ƙwala wa na ciki kira,
ɗaya bayan ɗaya suka ajiye makami.

Can sama, a ɗaki na ƙarshe,
suka sami tsoho da rawanin da ya kwance,
yana ta kiran sunaye, babu mai amsawa,
bai ma san inda ake ajiye tulu ba.

Shiru ya ɗan zauna da mu.
Maƙogwarona ya bushe.
Na ɗaga murya: Cika! Kawo ruwan sanyi!

Daga cikin duhun zaure ƙanena ya ce,
"Canjin jiya hwa?"

Luba ta fashe da dariya har ta ture taswira.
Na tashi na nemi takalmina.